Ƙarar salansa ba ƙarfin inji ba ce

Duk wanda ke zaune a Tasawa ko Mayahi ya san wannan ƙara. Babur ne ɗan ƙarami, irin wanda 'yan kabu-kabu ke ɗaukar fasinja da shi, amma idan ya taso daga nesa sai ka ɗauka babbar mota ce ta ɓalle. Yaro ya kwance salansar da kamfani ya sa, ya ɗaura wata ta kasuwa mai faɗin baki, ko kuma ya kai tasa wurin mai walda an farke cikinta an zubar da abin da ke tare ƙara. Ranar ɗaurin aure ko yammacin Sallah kuwa, sai dai mutum ya toshe kunne.

Ni malamin firamare ne, kuma makarantarmu ba ta da nisa da babbar hanyar da ta taso daga Maradi ta ratsa Tasawa zuwa Damagaram. Wasu azuzuwanmu na zana ne, ba su da bangon da zai tare sauti. Idan irin wannan babur ya wuce ina tsakiyar shifta, dole in dakata, in jira ya yi nisa, in maimaita jimlar, sannan in dawo da hankalin yaran da suka bi shi da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada hayaniyar da ke cikin aji ta wuce desibel 35 domin yaro ya ji malami sosai. Masana lafiyar kunne kuma sun ce daga desibel 85 zuwa sama, zama cikin ƙara na tsawon sa'o'i yana cin jin mutum, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Wanda ya fi kowa kusa da bakin salansar shi ne yaron da ke kan babur.

Amma ba ƙarar ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ke faruwa cikin injin ne, domin shi iyaye ba su gani, kuma su ke biyan kuɗinsa.

A makarantar horon malamai an koya mana wani ɗan gwaji da muke yi wa 'yan aji shida: a kunna kyandir, a kifa masa kofin gilashi, sai wuta ta mutu. Wuta na bukatar abin ci da iska. Injin babur ma haka yake, sai dai shi da ma'auni yake aiki. Kafin fetur ya ƙone tas, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar kusan giram 14.7 na iska. Kabureta ce ke wannan awo, ta wasu ƙananan ƙusoshi masu huji da mai ke bi, waɗanda takardun faransanci ke kira gicleur. Girman hujin ba da ka aka yanke shi ba. Kamfani ya auna shi ne tare da matatar iska da ke gaba da salansar da ke baya, domin ukun tafiyarsu ɗaya.

To idan aka buɗe bayan inji, yadda hayaƙi ke fita ya sauya, yadda sabuwar iska ke shiga ma ya sauya. Sau da yawa yaran nan ba su tsayawa nan, har matatar iska suke cirewa ko su huda ta, wai don inji ya yi numfashi. Hujin mai kuwa yana nan yadda yake. Abin da kan biyo baya shi ne iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya san abin da zuga-zugi ke yi wa gawayi. Masu ƙera inji mai sanyaya da iska sukan bar ɗan rarar mai da gangan idan ana aiki mai nauyi, saboda wannan rarar tana rage zafin ɗakin ƙonewa. Idan ta tafi, zafi ya hau kan fistin da bawul ɗin fitar hayaƙi.

Baburanmu ba su da lagireto, iskar tafiya ce kawai ke fifita su. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a nan yakan wuce digiri 40. Ka haɗa da hanyoyin yashi irin na Urafan ko Kanambakashe, inda ake tafiya da giya ta ɗaya ko ta biyu, totur a murɗe, ga mutum biyu ga buhun hatsi, iska kuma ba ta bugun inji yadda ya kamata. Ka ƙara da man kwalba na bakin hanya wanda ba kullum ake sanin ingancinsa ba, da ƙurar da ke shiga kai tsaye inda aka cire matata. Injin da aka rage wa mai a irin wannan hali ba zai mutu ranar ba. A hankali yake cinye kansa: baƙin mai ya tsinke da wuri, bawul ya ƙone, zobban fistin su saki, wata rana kuma ya buga a tsakiyar daji.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Idan aka saki totur sai a ji tas-tas kamar harbi, abin da yara ke tafawa a kai. Wuyan salansa kusa da inji ya koma shuɗi. Babur ya riƙa shaƙewa idan aka ba shi wuta farat ɗaya, ko ya ƙi tashi da safe lokacin sanyi. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce a kwance buji, wanda 'yan Najeriya ke cewa fulogi, a duba bakinsa. Idan launin ƙasa-ƙasa ne kamar gyaɗar da aka soya, awon ya yi daidai. Idan fari ne fat, mai ya yi kaɗan. Idan baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa.

Kwanakin baya wani dattijo, uban wani tsohon ɗalibina, ya tare ni bayan sallar la'asar. Ya sayar da awaki da wani sashe na amfanin gona ya saya wa ɗansa babur don ya yi kabu-kabu ya taimaki gida. Ya ce, "Mushe, ko shekara bai yi ba, an ce sai an buɗe inji. Ko dai jabu aka sayar mini?" Na ce, "Baba, salansar da ya zo da ita tana nan?" Ya ce tana ɗaki, yaron ya ce ita ke hana shi gudu. Da na sami yaron, abin da ya faɗa mini shi ne, "Wallahi Mushe, yanzu ya fi ja." Na yarda haka yake ji. Kunne ne ke ruɗinsa. Ƙaramin inji da aka sa wa buɗaɗɗen bututu ba tare da gyaran awo ba yakan rasa ƙarfi ne a ƙasa, wato daidai inda ɗan kabu-kabu ya fi bukatarsa, wurin tashi da kaya da wurin fita daga yashi.

Wani zai ce ai masu tseren babura a Turai suna sauya salansa. Gaskiya ne, amma ba su tsayawa a nan. Manyan baburan zamani ba su da kabureta, wata 'yar kwamfuta ce ke fesa mai bisa jadawalin da aka rubuta mata. Idan sun sauya salansa sai su ɗora babur kan na'urar gwaji su sake rubuta jadawalin. Akwai na'urar da ke shinshinar hayaƙi tana ɗan gyara awon da kanta, amma iyakarta kaɗan ce, kuma galibi ba ta aiki idan an murɗe totur gaba ɗaya. Wannan ba labarin nesa ba ne. Tun watan Afrilun 2020 da Indiya ta tsaurara dokar hayaƙi, akasarin sababbin baburan da ake sayarwa a can sun koma wannan tsari. Ranar da irinsu suka yawaita a kasuwanninmu, sukudireba ba za ta iya gyara ɓarnar ba.

Shawarata ga iyaye ba ta da wuya. Idan babur na neman abinci ne, a bar masa salansarsa da matatarsa. Idan tsohuwar ta ruɓe, a nemi irin tata. Idan kuma an riga an sauya, a kai shi wurin bakanike da ya san aikin kabureta, ya daidaita hujin mai, a yi tafiya, a sake duba buji. Bakaniken da ya ɗaura salansa cikin minti goma ya karɓi kuɗinsa bai taɓa kabureta ba, rabin aiki ya yi.

Mu malamai kuma, darasi ne ya zo har ƙofar aji. Na roƙi wani bakanike tsofaffin buji uku, fari da baƙi da ƙasa-ƙasa, na ajiye su kusa da kyandir da kofi. Yaran da ke gyangyaɗi a darasin kimiyya su ne suka fara ɗaga hannu, domin yayyensu na da babura. Daga nan muka shiga lissafi: idan giram ɗaya na mai na bukatar giram 14.7 na iska, giram 50 fa? Nan da 'yan shekaru waɗannan yara su ne za su hau babur, wasu su riƙe sifana. Idan sun fita daga hannunmu sun san cewa ba a taɓa gefe ɗaya na inji a bar ɗayan, an rage wa wani uba asarar awakinsa.