Oloture da Kujerar da Ya Zaunar da Mu

Makonni uku da suka wuce, bayan an tashi daga sujada, shugaban zumuntar matasa ya tare mu a bakin ƙofar majami'a da waya a hannu. Ya ce, "Baba Fasto, akwai wani fim da muke so mu haska ranar Juma'a. A kan fataucin mata ne, akwai darasi a ciki." Muka tambaye shi ko ya kalla har ƙarshe. Ya sosa ƙeya ya ce ya kalla, "sai dai akwai wasu wurare." Duk wanda ya daɗe yana kiwon matasa ya san nauyin wannan "wasu wurare". Muka ce ya tura mana. Daren Litinin, bayan yara sun yi barci, muka zauna mu da uwargida muka kalle shi tun daga farko.

Sunan fim ɗin Oloture. Kenneth Gyang, ɗan Jihar Filato, shi ya ba da umarni, kamfanin EbonyLife ya shirya, ya kuma hau Netflix a watan Oktoba na 2020. Labarin wata 'yar jarida ce a Legas da ta ɓad da kama ta shiga cikin mata masu zaman kansu, don ta bankaɗo masu kwasar 'yan mata zuwa Turai. Tushensa yana da alaƙa da binciken da Tobore Ovuorie ta yi, wanda jaridar Premium Times ta buga a 2014.

Bari mu fara da ba shi haƙƙinsa, domin yana da shi. Fim ɗin bai yi wa mugunta kwalliya ba. Matar da ke tara 'yan matan tana magana da taushin murya kamar gwaggo, tana kiran ciniki taimako. An nuna yadda ake kai su wurin boka a rantsar da su da jini, don tsoro ya riƙe su ko da babu mai gadi. Wannan ba ƙirƙira ba ce. Saboda irin wannan rantsuwa ne Oba na Benin ya fito a 2018 ya warware ta a bainar jama'a. Abin da ya fi taɓa mu shi ne ƙarshensa. An kashe ɗaya daga cikin 'yan matan saboda an kama ta da waya. Editan 'yar jaridar ya bi su a guje har bakin iyakar Seme, amma ya makara, mota ta riga ta ƙetare da ita. Babu sojan da ya diro, babu wanda ya cece ta a minti na ƙarshe. Uwargida ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Wannan kam ya san yadda abin yake."

Mu mutanen Birnin Gwari ba ma bukatar a fassara mana wannan ƙarshe. Mun yi shekaru muna bin hanyar Kaduna ta Buruku da Udawa da addu'a a baki. Mun san yadda ake yanka wa ɗan Adam farashi ta waya, a ce kawo kaza da babur da katin waya, a sayar da gona da shanun noma a kai dajin Kamuku. Mun san gidajen da suka biya aka dawo musu da nasu, da waɗanda suka biya ba a dawo da kowa ba. Tun sulhun da aka yi a ƙarshen 2024, aka buɗe kasuwar kara, motoci suka dawo hanya, muna gode wa Ubangiji. Amma hanyar da ta buɗe wa masara ta buɗe wa mai zuwa da alkawarin "aiki a Abuja" ga yarinyar da iyayenta suka baro ƙauye ba su da ko kwano. Saboda haka gargaɗin fim ɗin namu ne, ko da yake an yi shi da Turancin buroka a titunan Legas.

To ina matsalar? Tana wurin da aka ajiye kyamara. Fim ne mai zagin sayar da jikin mace, amma sau da yawa yakan tsaya a kan jikin nan ya daɗe, daga daidai inda mai saye yake tsayawa ya duba kaya. A wurin rantsuwa an tuɓe 'yan matan, mu kuma aka ba mu wuri mu kalla. A gidan shagalin wani babban mutum, inda aka sa wa 'yar jaridar ƙwaya a abin sha aka yi mata fyaɗe, an riga an cika mana ido da fitilu da rawa da ƙananan tufafi kafin abin ya faru. Mai shirya fim zai ce gaskiya yake nunawa, kuma ba mu ce ƙarya yake yi ba. Sai dai mun san yadda fim yake yawo a garin nan. Ba dukansa ake turawa ba. A shagon cajin waya, minti biyu ake yankowa a tura wa aboki, kuma ba wurin bakin iyaka ake yankowa ba.

A kwalejin tauhidi wani malaminmu ya taɓa sa mu ƙirga ayoyin Sama'ila ta Biyu sura 11. Ku ma ku gwada. Labari ne da ya haɗa duk abin da masu irin wannan fim suke nema: sarki, kyakkyawar mace tana wanka, ciki, makirci, wasiƙar kisa da Uriya ya ɗauka da hannunsa ya kai wa Yowab. Sura ce mai aya 27. Zinar kanta aya ɗaya ta ci, ta huɗu. Sauran duk a kan ɓoye-ɓoyen Dawuda ne da jinin da ya zuba. Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar faɗin abin da ya faru ba, amma bai hau da mu kan soro ya tsayar da mu kusa da Dawuda mu taya shi leƙe ba. Da annabi Natan ya zo a sura 12, sai ya kawo labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa, ya bar sarki ya yanke hukunci, sannan ya nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Haka kuma sura 13: abin da aka bar mana a ido game da Tamar shi ne toka a kanta, da yagaggiyar riga, da zaman kaɗaici a gidan ɗan'uwanta Absalom.

Tamar ɗin nan ita ta yanke mana shawara, domin tana zaune a majami'armu. Akwai 'yan'uwanmu mata da suka yi makonni a daji suka dawo, ba su faɗa wa kowa abin da ya same su ba, mu ma ba mu tambaya ba. Suna cikin mawaƙa, suna cikin zumuntar matasa. Ku yi tunanin an kashe fitila ranar Juma'a, an haska wurin fyaɗen nan a bango, wani yaro a bencin baya ya yi fito, wasu suka yi dariya don kunya. Ita kuma tana tsakiyar benci, ba ta da hanyar fita ba tare da kowa ya juyo ya dube ta ba.

Mu ma ba mu fita da tsabta ba. Akwai wurin da ya kamata mu tura fim ɗin gaba, muka bar shi yana tafiya, muna ce wa kanmu nazari muke yi. Uwargida ce ta miƙa hannu ta tura.

Ranar Laraba muka kira shugaban matasa muka ce masa, "Ɗana, ba za a haska shi a majami'a ba, amma ba za mu bar maganar ta mutu ba." Bai ji daɗi ba da farko, ya ce ai rabin matasan sun riga sun kalla. Muka ce mun sani, shi ya sa za mu yi maganarsa da sunansa. Ranar Juma'a mai zuwa shi zai ba da labarin fim ɗin da bakinsa, daga farko har bakin iyaka. Shugabar zumuntar mata za ta yi bayanin tambayoyin da ya kamata iyaye su yi kafin su saki yarinya ta bi wani zuwa aiki, da yadda ake kai rahoto ga hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane. Kowa ya karanto Sama'ila ta Biyu sura 11 zuwa 13 kafin ya zo, ku kuma gayyato iyayenku mata. Za a fara ƙarfe huɗu don a tashi kafin duhu.