Saura Wata Biyu

Yawancin masu babur a garinmu Katsina ba su ɗauki inshora a matsayin yarjejeniya ba. Takarda ce da ake ninkewa a cusa ƙarƙashin sirdi, sai jami'an hanya sun tsayar da mutum ake lalubo ta. Shi ya sa kullum za ka ji ana cewa "na yanki inshora", amma da wuya ka ji wanda ya ce ya je ya soke ta. Idan wa'adinta ya cika sai ta mutu da kanta. Ni kuwa na soke tawa saura wata biyu ta ƙare, kuma har yau a gidanmu ba a gama maganar ba.

A watan Maris na 2022 na tara ɗan abin da nake samu a gidan rediyo na saya wa autanmu babur ƙirar Bajaj, domin ya riƙa kabu-kabu. Da sunana aka yi takardu, har da inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan mutumin da ka buge ko ka lalata wa dukiya. Sana'a ta kankama, har yana saya wa Inna goro da sabulu. Sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Lita ta ninka fiye da sau biyu, fasinja suka koma tafiya a ƙasa. Kafin ƙarshen shekarar Auta ya ɗauki jaka ya bi abokansa ta Maraɗi, Agadas, Arlit da Assamaka, ya tsallaka Aljeriya. Daga Tamanrasset ya wuce Abalessa, wani gari mai dabino da lambuna kimanin kilomita 80 yamma da birnin, inda kabarin Tin Hinan yake, wadda Buzayen Ahaggar ke ɗauka kakarsu. Can ya samu aikin ban ruwa a lambu.

Babur ya zauna a zaure, Inna ta lulluɓe shi da tsohon bargo. Da Maris na 2024 ya zo, ita da ba ta karatun boko ta tuna mini. "Ka sabunta takardar yaron nan, kada ya dawo ya tarar ta mutu." Na biya Naira 3,000, kuɗin da hukumar NAICOM ta ƙayyade wa babur tun 1 ga Janairu, 2023. A wurinta, muddin takardar na da rai, Auta yana hanya.

A Disamba ya kira ni da dare, muryarsa tana yankewa. "Yaya, ka sayar da mashin ɗin. Ka gyara wa Inna rufin ɗaki kafin damina. Ni ba bana ba." Na ce ko ya ƙara tunani. Ya ce ya yi bashin hanya, kuma wanda ya fito ba shi da tabbacin sake shiga, tunda ana kwasar baƙi a zubar da su a hamada kusa da Assamaka su ƙarasa da ƙafa.

Dillali ya kawo mai saye, muka daidaita. Mutumin ya so in bar masa inshorar ya ci sauran kwanakinta. Na ƙi. Inshora alkawari ce tsakanin kamfani da wanda sunansa ke jiki, ba ta bin babur kamar madubi ko makulli. Lambar babur da sunana suna cikin rumbun bayanan NIID, wanda jami'ai ke dubawa ta waya. A shirin da nake gabatarwa na sha karanta labarin babura da ake kamawa a dazukan Batsari da Jibiya. Wanda ka sayar wa yau, gobe ya sayar wa wani, jibi ba ka san hannun da zai shiga ba. Idan ta ɓaci, mai suna a takarda za a fara nema.

A ofishin kamfanin, matar da ke kan tebur ta dube ni da mamaki. "Malam, saura wata biyu fa. Ko sisi ba zai dawo maka ba." Na ce na sani. Ta sa na rubuta takardar neman sokewa, na haɗa da kwafin yarjejeniyar ciniki, na miƙa asalin satifiket. Sai da na yi zuwa uku kafin a buga mini hatimi. Makonni kaɗan bayan nan, ranar 1 ga Fabrairu, 2025, 'yan sanda suka fara kamen marasa inshora a faɗin ƙasa, mai sayen kuwa ya riga ya yanki tasa.

Wahalar ofis ba komai ba ce kan shiga gida. Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ka bar ta ta mutu da kanta." Na fahimce ta. Abin da ya ƙare don kansa ana iya cewa mantuwa ce, a sabunta gobe. Wanda aka sa hannu aka soke kuwa, an yarda ke nan mai shi ba zai dawo kusa ba. Ni kuma ina ganin gara mu faɗa wa kanmu gaskiya da hannunmu, mu tsare sunan gidan da zai dawo ya tarar.

An sa sabon kwano a ɗakin Inna kafin ruwan farko. Auta yana kira duk Juma'a idan akwai sabis. Kwanan baya ya tambaye ni nawa sabon babur yake yanzu a kasuwa. Na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce in ba Inna wayar.