Wutar Batwa bayan rabuwa da kurmi

Batwa al'umma ce ta mafarauta da ta daɗe tana zaune cikin kurmin tsaunukan Yuganda da Ruwanda da Burundi da gabashin Kwango. Cikin hikimomin da suka gada daga kakanni har da samar da wuta ba tare da ashana ba. Bahaushe ya san ƙyastu da ƙanƙara. Su kuwa itace kaɗai ya ishe su.

Mai aikin yakan ajiye busasshen itace a ƙasa, ya fafe masa ɗan gurbi, ya kafa siririyar sanda a ciki, ya riƙa murza ta tsakanin tafukansa yana dannawa. Gugar nan takan fitar da baƙin gari mai zafi, wanda ke taruwa har ya fara hayaƙi, ya zama ɗan garwashi. Sai a juye shi cikin busasshiyar ciyawa, a yi ta hurawa sannu a hankali har harshen wuta ya tashi. Da ita ake gasa nama, a kori sanyin tsauni, a turara wa ƙudan zuma hayaƙi kafin a ɗebi saƙa. A kurmin da ƙasa ba ta cika bushewa ba, rabin gwanintar yana ga sanin bishiyar da ta dace, da inda za a samu busasshen reshenta.

A shekarar 1991 gwamnatin Yuganda ta mayar da dazuzzukan Bwindi da Mgahinga gandun daji na ƙasa domin kare goggon biri. Aka fitar da Batwa, galibinsu ba diyya, ba filin zama. A 2011 aka buɗe wata hanya a Mgahinga inda wasunsu ke raka ƴan yawon buɗe ido suna nuna musu murzar wuta. A 2021 kotun tsarin mulkin ƙasar ta amince cewa an tauye musu haƙƙi.

Nunin yana kawo kuɗin abinci, yana kuma hana sana'ar ɓacewa baki ɗaya. Sai dai yaron da ya tashi a bakin gandu zai iya koyon murzawa cikin ƴan kwanaki, alhali sanin itatuwa sai wanda ya yi shekaru yana bin dattawa cikin kurmi. Wannan sashe na ilimin shi ke cikin haɗari, domin makarantarsa ita ce dajin da aka raba su da shi.