Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi 'yar magana a kan tsofaffin malamanmu, wato waɗanda suka shekara ashirin ko talatin da alli a hannu. Abin da na lura da shi shi ne, a ƙasar nan da wuya malami ya sami girma sai ya bar aji. In ya ƙware, sai a ba shi mataimakin shugaban makaranta, daga nan shugaba, daga nan a ɗauke shi zuwa Ma'aikatar Ilmi. Wanda kuwa ya ce shi koyarwa yake so, sai ya tsufa ana kiransa malamin aji, kamar wanda ya kasa.

Wannan abu ya shafe mu a ajinmu. Malaminmu na lissafi ya fi shekara ashirin da biyar yana koyarwa. Tun kafin ɗalibi ya buɗe baki ya san inda lissafin ya ɗaure masa kai. Da dare, lokacin bitar karatu, yakan baro gidansa ya zagayo azuzuwa, ba don an sa shi ba. Bara sai ƙarin girma ya zo masa, aka mai da shi ofis. Mun taya shi murna, domin yana da iyali, kuma ya cancanta. Amma yanzu takardu yake sa wa hannu, mu kuwa ga jarrabawar fita na tafe baɗi. Sabon malaminmu yana iyakar ƙoƙarinsa, sai dai bai daɗe da gama jami'a ba, kuma babu wani babba kusa da zai nuna masa hanya.

A gida ma na ga irin wannan. Muna da wani maƙwabci a Unguwar Sarki, muna ce masa Baba Malam, wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare. Ran Juma'a in an sauko daga Masallacin Sultan Bello, sai ka ga manyan mutane sun durƙusa suna gaishe shi, domin shi ya koya musu karatu. In an gama gaisuwa su shiga motocinsu, shi kuwa ya kama hanyar gida a ƙasa. Girman da yake da shi almajiransa suka ba shi, aikin bai ba shi ba.

Ku dubi tarihinmu na Arewa. Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello duk Kwalejin Katsina suka yi, kuma da koyarwa suka fara aiki, ɗaya a Bauchi, ɗaya a Sakkwato. Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari su ma malaman makaranta ne. Amma duk da abin da suka yi bayan sun bar aji muke tuna su. Abokan karatunsu da suka zauna a aji har tsufa, mu nawa ne muka san sunan ko ɗaya?

Ba na cewa hukuma ba ta yi kome ba. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a nan Kaduna a 1976 don horar da malamai. A 1993 aka yi dokar kafa hukumar yi wa malamai rajista. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 na aiki. Wannan doka ta ƙara wa malami tsawon kwana a bakin aiki, amma ba ta ƙara masa matakin hawa a cikin aji ba. Haka nan a 2017 gwamnatin jiharmu ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 suka faɗi, aka sallame su. To, in akwai ma'aunin gano wanda bai iya ba, ai ya kamata a sami ma'aunin gano gwani, a kuma saka masa.

Ba sai mun je nesa neman dabara ba. A makarantun allo akwai gardi, akwai alaramma, akwai gwani. Mutum yana hawa waɗannan matakai ne da zurfin karatunsa, kuma ba wanda ke cewa sai gwani ya bar almajiransa kafin a girmama shi. A ƙasar Singafo ma haka suka tsara: akwai hanyar shugabanci, akwai kuma hanyar koyarwa, inda malami zai yi ta hawa har ya zama malamin malamai, alhali aikinsa bai tashi daga koyarwa ba.

Saboda haka ina roƙon Ma'aikatar Ilmi ta fito da muƙamin Babban Malami, mai albashi daidai da na shugaban makaranta. A auna shi da yadda mutum yake koyarwa, ba da yawan shekaru kaɗai ba. A rage masa darussa kaɗan, ya riƙa shiga ajin sababbin malamai yana gyara musu. Ku kuma iyayenmu, ranar ba da kyaututtuka ko Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, ƙungiyarku na iya kiran irin waɗannan malamai gaban jama'a ta karrama su. Yaba kyauta tukuici.

Dalilin da ya sa na damu shi ne, in ana hira a ɗakin kwana kowa likita yake so ya zama, ko injiniya, ko soja. Ban taɓa jin wanda ya ce malami ba, domin mun ga yadda aikin ke ƙarewa. In masu ƙoƙarinmu duk suka guje shi, wa zai koyar da ƙannenmu? Allah ya saka wa malamanmu da alheri, amin.