Algaitar Nasara Ta Faɗi Shekarunta

Doki, haƙoransa ake dubawa a san shekarunsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kasuwar dabbobi ta Dakoro ya ga yadda dillalai ke buɗe bakin dabba kafin a yi ciniki. Kayan busa na Turawa su ma suna da nasu haƙoran. Mu dai ba a koya muna dubawa ba, shi ya sa ake karɓe su hannunmu da kuɗin goro.

A gidanmu akwai kilarinet, tsofaffi na ce mata algaitar Nasara. Ta kakana ce, tsohon soja, wanda ya rasu tun ban shiga lakwal ba. Labarin da munka tashi da shi, daga yaƙin Hitila ya zo da ita. Bana da hatsi ya yi tsada, wani mai sayen tsofaffin kaya daga Maraɗi ya taya ta jika goma sha biyar. Kawu ya ce a sallama. Na ce, "Kawu, don Allah a yi mini haƙurin mako biyu in san abin da za mu sayar." Ya ce, "Mako biyu kawai, rumbu bai san boko ba."

Ga yadda na bi ta, da taimakon wayar abokina da wani tsoho da ya yi busa a fanfar ɗin soja.

Na fara da maɓallan. Kilarinet mai maɓalli 17 da zobe 6 tsarin Boehm ce, wanda Hyacinthe Klosé da Louis-Auguste Buffet sunka ƙirƙiro a Paris tsakanin 1839 da 1843, kuma shi ne ya fi yawa har yau. In maɓallan sun yi ƙaranci, kamar 13 da zobe biyu, to tsarin Albert ne, galibi tsoho ƙwarai. Tamu 17 da 6 ce.

Sai jikinta. Ta roba santsi gare ta kamar bokiti. Ta ƙatako kuwa, in ka kai ta rana za ka ga jijiyoyin itace. Baƙin itacen da ake sassaƙa su da shi na Afirka ne, mafi yawansa daga Mozambik da Tanzaniya, a Tanzaniya kuwa ana kiransa mpingo. Tamu ta ƙatako ce, kuma iskar hunturu ta tsaga ta kusa da wuya, tsawon ɗan yatsa.

Na uku hatimi. Ya shafe, sai da na shafa masa alli na goge, rubutun ya fito: Henri Selmer Paris, a ƙasa kuma Centered Tone. Nan a yi hattara, don akwai Selmer ta Amurka mai yin na ƴan koyo, ba ɗaya suke ba. Ta Faransa Henri Selmer ne ya kafa ta a 1885.

Na huɗu lamba, ita ce haƙoran. Tana bayan gaɓar sama da ta ƙasa, kuma dole biyun su zo ɗaya, in ba haka ba an yi haɗin gambiza. Selmer na sa harafi gaban lambar, kowane harafi da zamaninsa. Tamu ta fara da P, gaɓoɓin biyu kuma sun dace. Harafin P da sunan Centered Tone duk na shekarun 1950 ne. A 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, wani samfuri mai suna Series 9 ya fito.

Kun ga inda zancen ya nufa. Yaƙin Hitila ya ƙare a 1945, lokacin ko sassaƙa wagga kilarinet ba a yi ba.

Na tafi wurin kakata da takardata. Na ce, "Tsohuwa, mijinki ya yi muna ƙarin gishiri." Ta harare ni ta ce, "Kai maigidan banza, shi ya gaya maka Hitila? Ku kunka laƙa masa. Ni dai na san Aljeriya ya tafi, ina goyon kawunka ya dawo da akwatin nan." Yaƙin Aljeriya daga 1954 zuwa 1962 anka yi shi, kuma Faransa ta kai sojojin ƙasashenmu can. Maganarta da lambar sun haɗu tsaf. Shekara da shekaru tana tsakar gida da amsar, ba wanda ya zauna ya tambaye ta. Ranar sai da munka kai magariba tana ba ni labari: yadda yake busawa bayan isha'i yara su cika zaure, yadda limamin unguwa ya yi masa magana har ya rufe akwatin bai sake buɗewa ba.

Na nuna wa Kawu hotunan irinta a intanet, gyararru, ana neman kuɗin da ya ninka tayin mutumin Maraɗi sau da yawa. Na kuma faɗa masa gaskiya: tamu da tsaga, matosan maɓallanta sun bushe, mai gyara kuma sai Yamai ko Kano, in an dace. Ya yi shiru, can ya ce a sayar da bunsuru tukuna. In damina ta yi gardama, wataƙila ita ma ta bi bunsurun. Amma ba a jika goma sha biyar ba.

Ƴan uwa ɗalibai, gidajenmu cike suke da irin waɗannan: rediyo, keken ɗinki, agogo, lambar yabo ta soja. Kafin a miƙa wa dillali, a rubuta suna da lamba, a ɗau hoto. Algaitarmu, da sarewar makiyaya, da tilɓoron karan dawa da yara ke busawa da kaka, su ba wanda ya buga musu lamba. Shekarunsu na bakin tsofaffi, a je a tambaye su tun suna da ran amsawa.