Ranar da na wanke gidanmu da injin wankin tirela

Duk wanda ya tashi a Potiskum ya san abu biyu ba sa rabuwa da garin: tirela da ƙura. Ni a Yerimaram na tashi, kuma da na gama sakandare, kafin wani abin yi ya samu, sai na riƙa zuwa wajen wankin mota a bakin hanyar Kano. Motocin da suka ɗebi shanu a kasuwar Laraba suka kai Kudu, sukan dawo da kashi ya bushe a bodi kamar siminti. Ba ya ko gezau da soso da bokiti, sai inji.

Injin na fetur ne, igiya ake ja masa kamar janareta. Kawunansa kala-kala: ja, rawaya, kore da fari. Ja yana harbo ruwa siriri kamar allura, kore da fari kuwa baza shi suke yi kamar mafici. Ƙarfinsa ya ninka na famfo fiye da sau 30. Maigidanmu kullum sai ya ce kada a haska shi a lagireto don yana lanƙwasa haƙoransa, kada a kusanci wayoyin wuta, kada kuma a yi wasa da shi a jikin mutum, domin yakan tsaga fata ya tura datti ciki. Ina ji, amma a zatona dokar mota ce kawai.

Babbar Sallar 2006 ta faɗo cikin hunturu, gidanmu ya yi futu-futu. Na roƙi aron injin, na sayi kurar ruwa biyu wajen 'yan garuwa, na ce yau Inna za ta huta da shara. Don in burge ƙannena sai na ɗaura jan kai.

Katangar zaurenmu ginin ƙasa ce, siminti shafe kawai aka yi mata. Ina matsowa da bakin bindigar injin sai na ga ta ja layi a bango, kamar an zana da wuƙa. Maimakon in tsaya, sai na ƙara matsawa wai in goge layin. Ruwa ya sami tsaga ya shige ta baya, shafen ya kumbura, ya ɓallo kamar faifai, jar ƙasa ta biyo shi tana tsiyaya har kan silifas ɗina. A ciki kuma ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya jiƙa buhun geron Inna.

Baba ya fito daga masallaci, ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon. Ya ce, “Kai yaro, gidan nawa ne ya zama tirela?”

Na ce, “Baba, a yi haƙuri.” Bai ƙara ko kalma ba, wanda da duka ya yi da ya fi mini sauƙi. Kuɗin ɗinkin Sallata a buhun siminti da ladan magini suka tafi.

Yanzu ina da ƙaramin inji na lantarki a gida. Farin kai nake sawa, in fara daga nesa kamar taku biyu, in gwada a lungu tukuna, in karkata ruwan ƙasa, nesa da soket da mita da bakin taga. Daɓen siminti da tayil kaɗai nake wankewa. Bangon ƙasa da tsohon fenti kuwa tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma ne maganinsu. Facin nan yana nan a zaurenmu na Yerimaram, launinsa daban da sauran bangon.