Soja ya kama, ɗan sanda ya bincika, alƙali ya yanke

A wannan wata ina so mu yi magana bisa aikin bincike lokacin yaƙi. Misalinmu shi ne jihar Difa.

Ran 6 ga Fabrairu 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Boso da Difa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan moto, aka tsai da cinikin kifi da tattasai. Sojoji suka kama mutane da yawa. Cikinsu akwai masu laifi, akwai kuma masunta da manoma da tsautsayi ya rutsa da su.

To, aikin soja shi ne yaƙi. Ba a koya mashi rubuta takardar bincike ba. Alƙali kuwa ba ya hukunci sai da shaida. Zai tambaya: wa ya kama mutumin nan? A ina? Wace rana? Mi aka iske hannunsa? In babu amsa a rubuce, ɗayan biyu ne. Ko mai laifi ya kuɓuta, ko marar laifi ya daɗe cikin kaso, gonarsa ta yi ciyawa, bisashensa su watse.

Tun 2011 Nijar ta kafa ma'aikata guda ta yaƙi da ta'addanci. An haɗa ƴan sanda da jandarma da gardi cikinta. An kuma ware alƙalai na musamman a Yamai. Amma daga Difa zuwa Yamai ya fi kilomita 1300. Aka kai mutane gidajen kaso na Kolo da Kutukale, shaidu suna can bakin Komadugu. Sai a watan Maris 2017 aka fara shari'ar mutane wajen 1000. An saki da dama saboda babu hujja a kansu.

Wannan ya nuna amfanin a sa jandarma su bi sojoji har fagen daga. Soja ya kama, jandarma ya rubuta nan take: suna, wuri, rana, da abin da aka samu, bindiga ce ko salula. A miƙa mutum da takardarsa ga masu bincike. Su kuma su tambayi maigari, su tambayi ƴan duwan in zancen kaya ne da suka ƙetaro iyaka, su nemi likita in akwai rauni ko gawa. Sannan magana ta je gaban alƙali. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ni a ganina, mu talakawa muna da namu rabo. Mu yanki katin ɗan ƙasa, mu riƙa tafiya da shi, don mutum marar takarda shi ake fara tuhuma. In an kira mu shaida, mu faɗi abin da idonmu ya gani kaɗai. Kada rikicin gona ko na burtali ya sa wani ya ƙaga wa maƙwabcinsa sharri. Ƙarya ɗaya tana iya cinye shekarun bawan Allah.

Abin da nike faɗa wa ɗalibaina kullum shi ne, kada ku dangwala yatsa bisa takardar da ba ku san abin da ke ciki ba. In da Faransanci aka rubuta, ku nemi tafinta ya karanta maku tukuna. Wanda ya iya karatu ya riƙe ranar da aka kama ɗan'uwansa, da wurin da aka kai shi, ya rubuta ya aje.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, amin.